Sabulun Da Direba Ya Kulle

Tun daga bakin layi aka jiyo muryar Direba. Yana tafe da kwali a kai, gumi na tsiyaya, baki har kunne.

"Maman Auta, fito ki ga abin arziki. Yara, ku ba ni hanya."

Ya dire kwalin a tsakar gida, ya farke shi. Sandunan sabulu ne jere reras, wani ɗan kasuwa da ya yi wa dakon kaya ya sallama masa a farashin sari. Matarsa ta dafa ƙirji tana dariya, yara suka hau tsalle, har da Auta da ba ta san abin da ake murna a kai ba.

Ranar kam gidan ya zama masana'anta. Direba ya tuɓe riga, ya sami zare mai ƙwari yana yanka sandunan gunduwa-gunduwa, yara na ɗauka suna jerawa a kan katako inda iska ke kaɗawa.

"Ɗanyen sabulu ba ya auki," in ji shi. "Amma idan ya sha iska ya bushe ƙamas, sai kin gaji da shi. Ko kaya ya yi tsada, ko ruwa ya tare hanya, ko ciwo ya shigo gari, mu dai mun tsira."

"Kai, Baban Auta, yau ka burge ni," in ji matar.

Gaskiya ya burge. Har maƙwabta sai da suka leƙo, ya tsaya yana yi musu bayani kamar shi ya ƙirƙiro sabulu. Da a nan ya tsaya, da babu abin da za mu ce masa sai sambarka.

To amma da sabulun ya bushe, sai Direba ya tattare shi tsaf a akwatin ƙarfe, ya datse da irin ƙaton kwaɗon da yake kulle bayan motarsa. Makullin kuwa ya haɗa da na mota. Gunduwa ɗaya tak yake fitarwa, ita ce wanki, ita ce wanka, ita ce wanke-wanke, kuma sai ta zama kamar takarda kafin ya fito da wata.

Abin ya dami matarsa saboda Auta. Yarinya ce mai tsotson yatsa, duk abin da ta tsinta baki take kaiwa, ga cikinta ba ya jure komai.

"Ka ba ni guda in ajiye a bakin banɗaki saboda wanke hannu. Ka san halin cikin yarinyar nan."

"Haba, wanke hannu ai ruwa ya wadatar. Wannan na ranar larura ne, ba na wasan kumfa ba."

Yakan buɗe akwatin shi kaɗai, ya shaƙi ƙamshi, ya shafa, ya mayar ya kulle yana murmushi.

Ana haka tafiya mai nisa ta taso masa. Ya bar musu 'yar gunduwa, ya tayar da mota, makulli na lilo a jikin sitiyari.

Bayan tafiyarsa aka tafka ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Kwatoci suka cika suka tumbatsa cikin gidaje, gadar da ke haɗa unguwar da kasuwa ta karye, shagon bakin layi ya koma wayam. Ba a jima ba amai da gudawa suka ɓarke. Ranar larurar da ake ta ambato ta zo, gunduwar kuwa ta riga ta ƙare.

Babban ɗansu ne ya fara kwanciya. Uwar ta gyara shi, ta ɗauraye hannu da ruwa zalla, ta juya ta ba Auta abinci a baki. Ta nemi aro a maƙwabta, kowa ta kansa yake yi. Ta kira mijinta, waya ba ta shiga. Ta ɗauko dutse ta yi ta dukan kwaɗon har hannunta ya fashe, ko gezau bai yi ba. Tana jin ƙamshin sabulun ta jikin murfi tana kuka.

Yaron ya tashi. Auta ce ciwon ya kayar, kafin a sami hanyar ƙetarawa da ita asibiti jikinta ya riga ya saki.

Da hanya ta buɗe sai ga Direba ya dawo, wani sabon kwalin a kai, yana ƙwala kira tun daga nesa yadda ya saba.

"Maman Auta, na ƙaro mana wani."

Babu wanda ya fito da gudu. Maza ne zaune jugum a ƙofar gidansa. Yayansa ya miƙe, ya sauke masa kwalin a hankali, ya riƙe kafaɗarsa.

"Ka yi haƙuri, Auta ta rasu da safen nan. Mata na ciki suna jira. Ba ni makullin akwatin, ana neman sabulun da za a yi mata wanka."

Direba ya laluba aljihu, ya kasa ware makullin daga cikin sauran. Sai da yayan ya karɓa ya cire da kansa.

Jama'a, tanadin sabulu a gida abu ne mai kyau, ku saya, ku busar, ku ajiye. Amma ku ajiye shi inda hannun iyali zai kai, kuma kada a rasa guda a wurin wanke hannu kullum. Ajiyar da ta hana iyalinka tsabta ba tattali ba ce, rowa ce, kuma tana iya cin rai.