Baƙo a Zauren Ubansa

Tunda ka ce tafiyar taka ta ɗan lokaci ce, zauna in ba ka misalin wani masunci.

Mutumin bakin kogi ne, yana da mata da 'ya'ya, da ƙane guda da suke zaune tare a gidan da ubansu ya bar musu. Wata shekara kifi ya yi wuya a ruwan garinsu, sai shi da abokan sana'arsa suka zuba taru da tabarma da tukunya da ɗan garin tuwo a kwalekwale, suka nausa arewa, can inda kogi ke rarrabuwa yana shiga tafkunan da ba kowa ke zuwa ba. Duk inda rana ta faɗi musu, nan za su ja jiragensu kan yashi, su hura wuta, su yada zango. Da damina ta kawo kai, abokan suka juya gida don noma. Shi kuwa ya ce su yi gaba, yana nan tafe. Gaskiyar magana, wurin ya kwanta masa a rai. Babu mai buga masa sallama da sassafe, babu mai kawo ƙara, babu ɗaurin aure ko gaisuwar mutuwa da za su raba shi da tarunsa. Ya sami wani tsibiri ya kafa bukkar ciyawa, ya gina murhun banda. Da hantsi sai ya zauna a jirgi, filafilin tuƙi a kan cinya, yana kallon zalɓe tsaye cikin ruwa, dorina na huci can nesa. In kifi ya yi ƙaura, shi ma ya naɗe tabarma ya ƙara gaba.

Fatake masu sayen banda su ne ke kawo masa labarin gida, shi kuma ya ba su kifi su kai wa iyalinsa. Suka ce tsohuwarsa na jin jiki, ya ce da zarar ruwa ya janye zai zo. Kafin ruwa ya janye an kai ta makwancinta. Aka sa ranar auren 'yarsa, ya aika da giwan ruwa mafi girma da ya taɓa kamawa, ƙanensa ya ba da auren. Tun ana aiko masa da saƙon ya zo, har aka koma aiko da gaisuwa kawai. Daga baya gaisuwar ma ta ɗauke, bai ma lura da lokacin da ta ɗauke ba.

Ana nan, bayan furfura ta fara cin gemunsa, sai zazzaɓi ya kayar da shi a bukka. Ga ruwa gabas da yamma, amma babu mai ɗebo masa ko moɗa guda. Yana kwance yana jin ƙaurin kifinsa na ƙonewa a kan banda, ya kasa tashi. Ya yi kira, sai ya ji muryar tasa kamar ta wani, don ya daɗe rabonsa da magana da ɗan Adam. Da Allah ya ba shi sauƙi, ya juya jirgi ya bi ruwa zuwa gida.

An karɓe shi hannu bibbiyu. Aka share zaure, aka shimfiɗa masa sabuwar tabarma, aka kawo ruwa a kwanon da ake ajiye wa baƙi, aka yanka kaza. Matarsa ta zo ta gaishe shi daga bakin ƙofa, ta tambaye shi gajiya, ta koma ciki. Ɗakinsa na dā tuni an cika shi da dammunan gero. Ba wanda ya yi masa gori, kuma da an yi, da ya fi masa sauƙi. In ana shawarar gona ko ta aure, sai a rage murya har ya wuce, ba don ƙiyayya ba, don dai ba a ɗora wa baƙo nauyin gida. Ranar sunan jikansa, jama'a sun cika zaure, sai babban ɗansa ya shigo ya durƙusa ya ce, "Baba, wane suna za a raɗa?" Masuncin ya ɗago kai, har ya buɗe baki, sai ya ga ba shi ake kallo ba. Ƙanensa ake tambaya. Ƙanen ya faɗi suna, liman ya yi addu'a, aka shafa. Shi ma ya shafa, aka miƙo masa goro kamar yadda aka miƙa wa kowa.

Bai daɗe ba ya ce zai koma ya duba bukkarsa. Ƙanen ya ce, "Da wuri haka, Yaya?" amma bai riƙe shi ba. Aka ɗaure masa guzurin gero da daddawa. Yana shirin fita, sai matar ƙaramin ɗansa, wadda ba ta taɓa ganinsa ba sai a wannan zuwan, ta rusuna cikin ladabi ta ce, "Allah ya kiyaye hanya. A gai da mutanen gida."

Ya ce, "Za su ji."

Ya gangara bakin ruwa, ya tura jirginsa, ya nufi arewa, inda babu wanda zai isar wa da gaisuwar.

To, ka ji. Ba wanda ya kore shi, ba wanda ya rufe masa ƙofa. Shi ya sa masu iya magana suka ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.