Tsohon Direba da Bas ɗin da Ta Ƙi Caji

Ajiye biron nan tukuna, 'yata. Kafin ki sa hannu a takardar sallamar ma'aikacin naki, bari in ba ki wani misali, daga baya ki yi abin da kika ga ya dace.

An yi wani direba da ya shekara ashirin da biyu yana jan bas ɗin wata makaranta mai zaman kanta. Wasu daga cikin yaran da ya fara ɗauka har sun kawo masa nasu 'ya'yan. Sai mai makarantar, wata Hajiya mai son tsafta da ƙa'ida, ta sayar da tsohuwar motar ta sayo mai aiki da lantarki. Dattijon ya koyi yadda ake jona ta. Da la'asar in ya sauke yara, sai ya zura kan wayar a bakin caji, ya tsaya har fitila ta yi kore. Aka yi wata biyu lafiya lau. Ran nan ya jona, jim kaɗan fitila ta koma ja, allon gaban direba ya nuna bakin cajin ya yi zafi, motar kuma ta yanke wutar da kanta. Ya taɓa wurin da bayan hannu, ya ji sanyi ƙalau. Washegari batir ya ƙare a tsakiyar hanya da yara talatin a ciki, iyaye suka yi ta kiran Hajiya suna faɗa. Abin ya zama yau ta karɓi caji, gobe ta ƙi. Aka kira makaniki, ya ce a cikin bakin cajin akwai wata 'yar na'ura kamar ƙwayar wake, aikinta ta auna zafi ta sanar da kwamfutar mota, kuma ita ce ta lalace. Ya canja ta. Bayan kwana uku fitila ta sake yin ja. Sai makanikin ya ce to, ai mota ba ta da laifi, hannun mai jonawa ne, ta yiwu tsufa ya hana shi tura kan wayar ya zauna daram. Maganar ta shiga kunnen Hajiya, don dama iyaye suna jiran a nuna musu mai laifi. Ta sallami dattijon a bakin ƙofar makaranta, a gaban masu ɗauko yara. Ya miƙa makulli da hannu biyu, ya ɗauki butarsa da dardumarsa daga bayan kujera, ya tafi a ƙasa.

Aka ɗauki sabon direba mai jini a jika. Bai cika mako ba fitila ta yi masa ja. Aka yi ta fama har wata uku, kafin a samo wata injiniya da ta san irin waɗannan motoci. Ita ba ta fara da canja komai ba. Ta tambayi ranakun da abin yake faruwa, aka duba, sai ga shi Litinin da Alhamis ne, wani lokaci ya kai washegari. Ta sa mita ta gwada 'yar na'urar ita kaɗai, ta ga lafiyarta lau. Ta koma can ƙarshen wayoyin na'urar, inda suke shiga kwamfuta, ta sake gwadawa, sai mita ta nuna zafi kamar na garwashi. Ta ce ashe ƙaryar a hanya ake ƙara ta. Ta kwanta ƙarƙashin mota tana bin siraran wayoyi biyu da yatsa, har ta iso wata mahaɗa a bayan taya. Da ta ɓalle ta, ruwa ya ɗigo. Robar da ke toshe ta ta tsage, tsatsa mai kore-kore ta haɗe wayoyin biyu, shi ya sa duk ranar da wurin ya jiƙe kwamfuta take jin zafin da babu shi. Litinin da Alhamis kuwa su ne ranakun da Hajiya take sa a wanke motar da injin feshi mai ƙarfi, har ƙarƙashi, tana tsaye da kanta tana nuna inda laka ta maƙale. Gyaran bai ɗauki rabin sa'a ba.

Hajiya ba muguwa ba ce. A ranar ta nemi gidan dattijon, ta same shi zaune a zaure ya rame, ta durƙusa ta gaya masa komai, ta ce ya dawo bakin aikinsa. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce, "Hajiya, na gode, kuma na yafe. Amma wata uku na yi ina binciken kaina, me na yi wa motar nan, har na yarda na tsufa. Lasina ya ƙare ban sabunta ba. Kwanaki maƙwabci ya ba ni motarsa in kai matarsa asibiti, na zauna, na kama sitiyari, na kasa tayar da ita, na fito." Ta roƙe shi, ta turo iyayen yara su roƙe shi. Bai sake tuƙi ba har ya koma ga Allah, shekara biyu bayan nan. Bas ɗin kuwa tana nan tana yawo, fitilarta kore.

Irin wannan ne Hausawa suke nufi in sun ce, an bar jaki ana dukan taiki.