Furar Baraka

Sharfuddeen ya kurɓi furar, ya lumshe ido don daɗi, sai kuma ya tuna shi ma sana'arsa ke nan, ya ɓata fuska.

Ranar kasuwar Gandi ce. Ya tambayi Bafulatanar da ta dama masa inda take saro curin furarta.

"Ta Baraka ta," in ji ta, ta ci gaba da juya ludayi.

Shi dai bai taɓa jin wani Baraka ba. Abin da ya sani shi ne ya sayar da gonar albasar da ya gada a Goronyo, ya sayi injin niƙa, ya kafa ɗan kamfani a Wurno, ana cura fura ana ƙullawa a leda. Furar Isah ya raɗa wa kamfanin, sunan marigayi mahaifinsa, don sunan tsohon ya ci gaba da yawo a kasuwanni bayan ransa. Mahaifiyarsa Kulu ta yi hawaye ranar, ta sa albarka, amma har yau "kamfanin mai sunan malam" take cewa. Matan zamaninsu ba sa kama sunan miji, ko da ya kwanta dama.

Ciniki kuwa ba laifi. Ƙanensa Ƙasimu ke kai kaya shaguna a mota, kullum motar ta dawo wayam. Masu tallan nono ne manyan masu saye. Sukan yage leda, su juye curin a ƙwarya, su kama hanya.

To amma ɗan Adam ba ya ƙoshi. Sharfuddeen ya shiga zagaya kasuwanni yana shan fura kamar wanda likita ya rubuta wa. A Rabah aka ce ta Baraka ce. A Taloka, ta Baraka. A Boyekai wata ma har rantsuwa ta yi cewa ba ta taɓa ta kowa sai ta Baraka. Ko sau ɗaya bai ji bakin da ya ambaci Isah ba, kuma wannan ya fi komai ci masa rai. Abin haushin ma, furar mutumin tana da daɗi, cittarta daidai, kanumfarinta daidai, kai ka ce leƙen tukunyarsa aka yi.

Bai tambayi Ƙasimu ba, bai tambayi masu shaguna ba. A ganinsa, kama sunan abokin hamayya a gaban mutanenka tallata shi ne kyauta.

Sai ya zaɓi hanya mai araha. Ya zauna teburin mai shayi a tashar Rabah, inda zance ke hawa mota ba tare da biyan kuɗin kujera ba, ya yi gyaran murya.

"Ni dai ban ce komi ba. Amma wanda yag ga ɗakin da Baraka ka aje gero nai, ya ce ɓeraye har sallama suka amsawa."

Magana zarar bunu ce. Kafin kasuwa ta zagayo, ɓerayen sun isa Goronyo, sun yi ƙiba a hanya, wasu ma sun haihu. Masu nono suka daina kiran Baraka, suka koma turmi da taɓarya. Sharfuddeen ya sayi tsire ya kai gida, bai faɗa wa kowa dalili ba.

Murnar ba ta kwana da yawa ba. Ƙasimu ya fara dawowa da rabin kaya, daga baya da kayan gaba ɗaya. Fura ta yi tsami a leda, awakin unguwa suka yi sheƙi. Inji ya yi tsit. Sharfuddeen ya tabbata Baraka ne ke ramuwa, wataƙila ma da asiri. Ran da hanya ta bi da shi ta gefen tsohuwar gonarsa, ya ga albasar wani ta yi kore shar, tsoro ya kama shi sosai. Ga gona ta tafi, ga kamfani na shirin bin ta, ga sunan mahaifinsa ko sau ɗaya bai shiga kasuwa ba.

Kulu ce ta ba shi shawara. Akwai wani dattijo a rugar bayan Gandi, mai sunan malam ne, in ji ta. Duk mai tallan nono a yankin, in ba surukarsa ba ce, to a hannun surukarsa ta koyi talla. In ya sa baki, kasuwa ta buɗe.

Sharfuddeen ya ƙulle goro ya tafi. Ya tarar da Arɗo Isah a kan buzu, uwargidansa Inno tana gefe tana wanke ƙore. Aka gaisa, aka tambayi shanu, aka tambayi ruwa. Kafin ya faɗi ko shi wane ne, ya ga ya kamata ya fara sanin maƙiyinsa.

"Inna, don Allah wa a' Baraka? Ina ya ke zaune?"

Arɗo ya ƙyalƙyale da dariya har rawaninsa ya karkace. Inno ta ja mayafi ta rufe baki, ta nuna mijinta da haɓa ba tare da ta dube shi ba.

"Ga shi nan zaune, ɗan nan. Ni da surukaina ba mu iya hwaɗin sunan nai, shi as sa muka ce mai Baraka, shi da dut wanda ag da suna irin nashi. Har da mai hurag ga ta Wurno, mai ɓeraye."