Ɗigon da Ke Yatsunta

Na'urar auna suga ta nuna ɗari biyu da tamanin. Matata ta dubi lambar, ta ɗago ta dube ni.

"Maigida, me ka sha jiya a shago?"

"Lemo kwalba biyu," na ce, ina murza yatsan da ta huda. "Tun safe nake yankan katako cikin rana. Ƙishirwa kike so ta kashe ni?"

Wata shida ke nan da likita ya ce ina da ciwon suga. Tun ranar take auna min abinci a ƙaramin kwano, tana tsare ni har in haɗiye magani. Na kai maƙura.

"Lafiyarki ƙalau, shi ya sa wa'azi yake miki daɗi," na daka mata tsawa. "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo!"

Ta matso daga gaban keken ɗinkinta, ta buɗe min tafukan hannunta. Kan kowane yatsa akwai ƙananan ɗigo baƙaƙe.

"Kana tsammanin allurar ɗinki ce? Ni ma ina da ciwon, shekara huɗu ke nan ina huda kaina kafin ka farka. Lokacin Innarka tana jinya, na ƙi ƙara maka nauyi. Daga baya kuma na rasa bakin faɗa."

Na daɗe riƙe da hannuwan nan. Sannan na jawo takalmana, na miƙa mata nata.

"Tashi mu taka, an ce tafiya tana saukar da suga. Gobe kuma ni zan auna ki."