Ludayin Baƙo

Ka ce zaman ɗaka ya ishe ka, to tsaya ka ji wannan. A shekarar da annobar nan mai sarƙe numfashi ta sa aka rufe hanyoyi da kasuwanni, har da masallatan Juma'a, wani tela ya dawo garinsu daga Ikko. Ya yi shekaru rabonsa da gida, ko rasuwar kakarsa ba ta kawo shi ba. Da ɗinki ya tsaya cak a can, sai ya ɗaure kan kekensa a buhu, ya maƙale a bayan motar shanu da ta sauke kaya za ta koma Arewa, suka yi ta ratse ta daji suna kauce wa shingayen jami'ai. Da isarsa, ma'aikacin lafiya na unguwa ya ce duk wanda ya fito daga can sai ya keɓe kansa, har a ga abin da jikinsa zai nuna. Mahaifiyarsa ta share masa shagon da ke jikin zaure, ta ware masa kwano da buta. Ta tuƙa masa tuwon dawa da miyar kuka, ta kwarara man shanu, abincin da ya daɗe yana mafarkinsa a bakin teku. Ya kai loma baki, bai ji komai ba. Ya kai hanci bakin kwano, ko ƙamshin daddawa babu. A Ikko kuwa ya ji ana cewa da haka cutar take farawa. Ya ce wa ransa gajiyar hanya ce kawai. Ya ja bakinsa ya yi gum, in tari ya taso masa sai ya danne shi cikin matashin kai.

To, dattawan layin suna da ciyayya tun kafin a haife shi: bayan magariba kowane gida ya fito da kwano, a haɗu a ƙofar gidan mahaifin telan. Da aka hana taro ba su daina ba. Sai suka shige zaure suka turo ƙofa, in sun ji ƙarar motar 'yan sanda su yi tsit kamar yaran da suka yi ɓarna. Bango ɗaya ne tsakaninsu da telan, duk abin da aka faɗa a kunnensa. Akwai wani tsohon mahauci a cikinsu, bakinsa ya fi wuƙarsa kaifi. Kullum sai ya ɗaga murya: "Malam, wai ɗan naka ne ya dawo, ko hotonsa aka aiko maka? Kwano daban, buta daban. Ashe Bature ka haifa ba ka gaya mana ba!" Sai a fashe da dariya. Uban ba ya dariya, ba ya kuma tankawa, wannan shirun kuwa shi ya fi yi wa telan ciwo. Ya san abin da ake faɗa a gari: ya ƙi gida da ƙuruciyarsa, ya dawo kuma yana ƙyamar mutane. Rannan uban ya buga ƙofar shagon da sandarsa ya ce, "Fito ka gai da iyayenka." Telan ya tsaya riƙe da sakata. Magana ɗaya ta isa, ya ce jikinsa ba daidai yake ba. Amma ya hango yadda mahaucin zai juya ta, ya hango kan mahaifinsa a sunkuye. Sai ya zare sakata. Ya durƙusa ya bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu bibbiyu, suna dafa kansa suna sa albarka. Aka jawo ƙwaryar fura mai ludayi ɗaya, aka ce baƙo ke buɗe ta. Ya kurɓa, ya miƙa wa mahaifinsa, ludayi ya zagaya zaure.

Shi telan, ɗan zazzaɓi ya yi ya miƙe. Amma kafin a ga sabon wata, kwanukan ciyayya sun fara raguwa. Mahaucin ne ya fara kwantawa, mutumin da bakinsa ba ya hutawa aka wayi gari ba ya iya haɗa kalma biyu sai ya tsaya neman iska. Sai mai gyaran rediyo. Sai uban. Waɗanda suka zo ɗaukar gawar uban sun rufe jikinsu ruf da fararen kaya, ba ka gane ko ɗan wane ne a ciki. Dattijon da ya raka gawar rabin garin nan, sahu ɗaya bai cika ba a jana'izarsa, shi ma kowa nesa da kowa. Ba a shimfiɗa tabarmar makoki ba. Waya ce ke ta ƙara, kuma duk wanda ya kira sai ya ce, "Kai kam ɗan albarka ne, Allah ya kawo ka kuka yi sallama da tsohonka." Sunan da ya nema ya samu. Ba mai zarginsa. Ba kuma mai iya gaya masa ko daga gare shi cutar ta fito, ko daga kasuwar da ake ci a ɓoye, shi ma ba zai taɓa sani ba. Yanzu aikinsa ke nan, ya tsaya can nesa a tsakar gida yana kasa kunne ga ɗakin da mahaifiyarsa ke takaba. Ko gyaran murya ta yi, sai ya ɗaga murya ya tambaye ta ko lafiya.

Irin wannan ne Hausawa suka gani suka ce, garin neman gira a rasa ido.