Fuskar Mai Moto

Adawiyya ta sake goge hancin, har takardar ta kusa hujewa.

"Ba haka yake ba, Tanti," in ji Munira. "Bai kai wannan faɗi ba."

Su uku ne a rumfar ƙofar gidanta a Zongo: ita, da Munira, da Lassane, editan mujallar da ta fi ba ta aiki. Adawiyya ta daɗe tana zana fuskoki ga mujallun Wagadugu, mawaƙa da 'yan ƙwallo da manyan 'yan kasuwa. Ba ta taɓa zana fuskar da hukuma ke nema ba sai yau.

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, wani mai moto ya banke Alhaji Mani mai goro a unguwar Tiendpalogo. Shi ma mai babur ɗin ya faɗi, hular kwanonsa ta fice. Ya dubi tsohon kwance cikin jini, ya ɗaga motonsa ya gudu yana ɗingishi. Alhaji ya cika tun kafin a kai shi asibiti. Mutum ɗaya ce ta ga fuskar da kyau: Munira, 'yar mamacin, wadda ke biye da shi da kwandon goro.

Lassane na son fuskar a bangon mujalla. Da ya kira, Adawiyya ta ce ba ta jin daɗin jikinta. Ya ce ba komai, akwai wani matashi a unguwar Dassasgho mai zane a kwamfuta, an ce hannunsa ba ya kuskure. Nan take ta ce su zo. Ta shimfiɗa musu tabarma a waje, ta ce cikin gida akwai zafi.

Ta fara da magidanci mai kumatu. Munira ta ce saurayi ne, siriri. Ta sa masa gemu. Munira ta ce ko gashin baki bai gama tsirowa ba. Ta zurfafa idanun, ta kumbura leɓen, ta daɗa wa goshin tsawo, kowanne yarinyar ta girgiza kai. Adawiyya ta san mai baƙin ciki kan rikice, ya ga kowace fuska ya ce ita ce. Wannan yarinya kuwa ko ƙwayar gero ba ta manta ba.

Gumi ya jiƙa mata mayafi. Bakin fensirin ya karye, ta fiƙe, ya sake karyewa. Takardun da ta yaga suka taru a gefen ƙafarta.

Lassane ya duba wayarsa, ya yi tsaki a hankali. "Madam, maɗaba'a na jira. Ke da kike zana mutum daga kallo ɗaya? In yau hannun ya ƙi, ki faɗa min, yanzu in kai ta Dassasgho."

"A'a!" Muryarta ta fi yadda ta so ƙarfi. "Ka ba ni takarda ɗaya kawai. Ɗaya."

Ta ɗauko sabuwa ta ɗora a kan allon. Ta tsaya tana kallon farinta, bakinta na motsi da addu'ar da ita kanta ba ta san me take roƙo a cikinta ba. Can ƙasan layi ladan ya fara gyaran murya don la'asar.

Sai Munira ta matso, ta dafa mata gwiwa.

"Tanti, ki yi haƙuri, na wahalar da ke. Tun ranar ba na iya rufe ido, shi nake gani. Kin san kuka yake yi? Ya dubi Baba yana kuka, ya miƙa hannu kamar zai ɗaga shi, sannan ya gudu. Ni ba so nake a kashe shi ba. So nake ya tsaya gabana ya faɗa min ko Baba ya yi magana, don shi ne ya fi ni kusa da bakinsa."

Adawiyya ta ɗora bakin fensirin a kan takardar. Hawaye ya cika mata ido har ba ta ganin takardar sosai, amma hannun ya kama tafiya shi kaɗai. Bai tsaya ba, bai nemi magogi ba. Haɓa ta fito, siririn hanci, kunnuwa masu ɗan buɗewa, idanu cike da tsoro. Daga ƙarshe fensirin ya ja ɗan tabo a tsakiyar girar hagu.

Munira ta toshe baki. "Shi ne. Wallahi shi ne! Har tabon nan, na manta ban faɗa miki ba."

"Wannan ita ce baiwa," in ji Lassane, yana ɗaukar zanen hoto da waya. Kafin Adawiyya ta miƙa hannu, ya riga ya tura. "Jibi duk Waga za ta san shi."

Munira ta durƙusa ta yi mata godiya, ta yi mata addu'ar Allah Ya raya mata zuri'a. Adawiyya ta ce amin, ta tsaya har motonsu ya sha kwana.

Sannan ta shiga gida, ta wuce tsakar gida, ta tura ƙofar ɗakin ajiyar gawayi, inda autanta Salim ke zaune a takure da ɗaurarriyar gwiwa.

"Auta, tashi mu je jandarmeri, wajen hukuma, da ƙafarmu," ta ce. "Na zana ka."