Lambar Jinin Hodi

Hodi ya sa ƙafa ya ture modar da Oladipo ya sha ruwa da ita, yana yatsina fuska. Wata shida ke nan ko hannu ba ya ba ɗan hayar nan nasa, tun da aka ce ciwon hanta nau'in C ya kama shi. Ƙyamarsa yake kamar mushe.

Yau sakamakon jininsu ya iso Nasarawa daga Legas, don likita ya sa an auna duk mutanen gidan. Hodi ya leƙa takardar Oladipo, babu lamba ko ɗaya. Tasa kuwa dubu ɗari tara.

Ya ce da Oladipo, "Ka gani? Jinina cike yake, naka allurar asibiti ta shanye shi."

Ɗiyar Hodi, Zakiyya, ma'aikaciyar jinya, ta karɓi takardun. Ta karanta su.

"Baba, lambar ga ba ƙarfin jini take nufi ba, yawan ƙwayar cutar ne. Shi magani ya yi mai aiki, ba a ga komi ba. Kai ke ɗauke da ita."

Hodi ya tofar da yawu. "Ƙazamin banza, shi ya shafa min."

"Ba a ɗaukarta a moda, Baba. Ta jini take bi."

Oladipo ya sunkuya ya ɗauki modarsa, ya kaɗe ƙasa.

"Alhaji, shekara takwas wanzami ɗaya ke mana aski, da aska ɗaya. Kai ne babba, kullum kai ake fara yi wa."